Hattara da mai gyaran ampili na bisa babur a Maradi

Ƴan uwa masu kaɗa gita da masu ba da hayar kayan sauti, akwai wani mutum da ke yawo bisa babur da jakar kayan aiki, yana cewa shi gwani ne a gyaran ampili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai lamp, irin mai kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗumama. Ba shi da shago. Lambar waya kawai yake bari, ita ma yanzu a kashe take.

Ampilin ƙanena ne ya soma ƙugi, buuu, ko ba a jona gita ba, sannan ya ƙone fizibil (ƴar wayar kariya mai tsinkewa idan wuta ta yi yawa) biyu cikin mako guda. Mutumin ya zo har gida a unguwar Zariya, ya leƙa bayan akwatin, ya ce da ni: "Maigida, lamp ne suka mutu, ga sababbin EL34 na zo da su." Ya karɓi jika arba'in. Ƙugin bai tafi ba, amma ya ce sai lamp sun saba. Kwana uku bayan haka, ana tsakiyar biki, sai ƙauri da hayaƙi.

Da muka kai wa mai gyara na gaskiya, ya zaro fizibil ya ɗora mini a tafin hannu. Tsohon da ya ƙone ne, an naɗe shi da zaren waya ta jan ƙarfe. Wallahi jikina ya yi sanyi. Fizibil dama aikinsa ke nan, ya tsinke idan kuran ya yi yawa don taransifo, mai sauya ƙarfin wuta, ya tsira. Wannan bawan Allah ya toshe wannan hanya, taransifon ya sha wuta har ya ƙone. Lamp ɗin ma tsofaffi ne aka goge. Kuma ya yanke wayar ƙasa, wai don rage ƙugi, abin da zai iya sa kuran ya kama yaro ta igiyoyin gita.

Ciwon na asali kuwa kondansater ne, manyan nan masu tace kuran. Tsufa da zafin garinmu sun busar da su, shi ya sa ƙugin ke fita ta baful, wato lasifika, suna kuma jan kuran fiye da kima.

Duk wanda zai taɓa muku ampili, ku tsaya a kansa. Ƙarfin fizibil a rubuce yake a bayan akwatin, galibi da harafin T, kada a sa wanda ya fi shi. Wanda ya san aiki yakan cire manyan lamp ya kunna da fizibil na daidai. In ya sake ƙonewa, laifin ba nasu ba ne. Ku kuma kada ku sa hannu ciki, don kondansater na riƙe sama da volt 400 ko an zare filogi.

Namu yana nan ajiye, muna neman taransifo. Wanda mutumin nan ya yi wa irin wannan ya tuntuɓe ni, mu kai ƙara wurin ƴan sanda tare.