Tanderun lantarki mai digiri 1200: yadda ya yi mini a aikin gasa taitaniyom

Daga hannun wani dila a Legas muka sayi tanderun nan, ƙirar China, ɗan madaidaici da ake ɗorawa kan tebur. Aikin da nake yi da shi guda ne: gasa ƙananan fayafayan Ti-6Al-4V, wato taitaniyom mai kashi 6 na alminiyom da kashi 4 na banadiyom, irin wanda ake ƙera ƙusoshin ɗorin ƙashi da sandar ƙugun roba da shi.

Jiki na karɓar wannan ƙarfe hannu bibbiyu. Tun 1965 wani likita mai suna Brånemark ya dasa wa mutum haƙoran taitaniyom a Suwidin, ƙashi ya kama su gam. Lagonsa ɗaya ne, ba ya jure goga. In yana gugar wani abu sai ya riƙa zubar da gari, banadiyom da alminiyom su tsiyaya cikin nama. Maganin da muke gwadawa shi ne a gasa shi cikin iska a wajen digiri 600, iskar oksijin ta gina masa ɓawon rutayil (wato haɗin taitaniyom da oksijin) mai tauri a sama, wata kuma ta nutsa ƙarƙashin ɓawon ta ƙara wa fatar ƙarfen ƙwari. Masu bincike sukan bar shi har awa 60 a wannan zafin. To a nan ake gane tanderun kirki.

Wajen riƙe zafi, babu abin cewa sai sambarka. Da ya kai 600 sai ya zauna daram, lambar allon ba ta wuce gaba ko baya da digiri biyu. Fayafayan da na jera a tsakiya sun fito da launi ɗaya, toka-toka mai duhu, ɓawon ya manne, ko da na karce shi da allurar gwaji bai ɗago ba. Yana kuma hucewa a hankali in an bar ƙofar a rufe, abin da ɓawon ke so ke nan, domin shi da ƙarfen ba sa tsukewa daidai da juna.

Inda na ga gazawarsa shi ne bakin ƙofa. Ma'aunin zafinsa ɗaya ne tal, a can bangon baya, don haka abin da allo ke nunawa labarin baya ne kawai. Faifan da na ajiye kusa da ƙofa ya fito da ratsin shuɗi a gefe, alamar ɓawonsa bai yi kauri kamar na sauran ba. Sai da na zura namu ma'aunin ta ramin hayaƙi na tabbatar gaban ya fi sanyi sosai. Wani zai ce a ƙara wuta mana. Ba haka abin yake ba: da na gwada 800, ɓawon ya yi kauri ya yi fari-fari, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa tun kafin in taɓa shi. Wa zai yarda a sa masa wannan a cinya? Kuma ko bai ɓare ba, fatar da ta sha oksijin da yawa saurin tsagewa gare ta in ana ta lanƙwasa ƙarfen, ƙafa kuwa kullum cikin lanƙwasa shi take.

Abu na biyu, in wuta ta ɗauke ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai an sake saita shi da hannu. A aikin kwana biyu da rabi, wannan na nufin janareto da man dizal da mutum mai kwana kusa. Littafin da ya zo da shi ma shafi huɗu ne, bai ce uffan kan wannan ba.

Ga ɗalibi ko ƙaramin ɗakin gwaji, kuɗinsa bai faɗi ƙasa banza ba, muddin za a tsaya a tsakiyarsa a kuma sayi ma'auni na biyu. Mai niyyar gasa abin da za a sa a jikin mutum da gaske, ya nemi tanderu mai bututu wanda ake iya sarrafa iskar cikinsa.