Sifirin masu sauke mota a kan tsohuwar Marsandi W124: abin da na gani bayan wata huɗu

Wata huɗu kenan da na sa wa motata sifirin masu sauke ta ƙasa, kuma sai yanzun nake jin zan iya faɗin wani abu a kansu da gaskiya, don a satin farko da an tambaye ni cewa zan yi a cire su kawai a mayar min da na da. Motar Mercedes ce W124 ta 1994, mai dogon bayan nan mai ƙofa biyar, irin wadda bayanta ke daidaita tsayinsa da kansa in an loda mata kaya. Na daɗe ina son in rage ratar da ke tsakanin taya da madigadi, musamman a gaba, da yatsu huɗu ke shiga har da saura. Sifirin da na saya na wani kamfanin Jamus ne, an rubuta za su sauke mota milimita 35, kuma na tabbatar na ɗauki lambar da aka yi don motoci masu wannan na'urar ta baya. Dan Allah duk mai niyya ya kula da wannan, sifirin bayan mota mai na'urar daban yake da na wadda ba ta da ita, ya fi laushi saboda ba shi kaɗai ke ɗaukar nauyi ba.

Kayan kansu ba ni da ta cewa, fenti mai kauri, lamba a jikin kowanne, ba ka rikita na gaba da na baya. Sakawar ce ke son hankali. A W124 sifirin gaba ba a jikin shokozoba yake ba, zamansa daban a kan hannun ƙasa, wato ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, kuma a matse yake sosai, sai da na'urar matse sifirin mai faranti biyu da ake zura sandarta ta tsakiya. Kar wanda ya yarda a taɓa masa shi da 'yan ƙugiyoyin nan na gefe, in ya kufce wallahi ba ƙaramin rauni zai yi wa mutum ba.

Matsalar ta fito ne tun a ranar. An sauke motar daga jak, ta zauna ɗas, gaba da baya daidai, na tsaya ina kallonta raina fes. Ina tada inji, ban ma saka giya ba, ko minti biyu ba a yi ba na ga bayan yana ɗagawa a hankali a hankali kaman ana hura shi, har ya koma kusan inda yake a da. Na ɗauko tef na auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen madigadi, gaba ya sauka 33, baya kuwa 8 kacal. Motar ta zama kamar akuya ta sunkuya tana shan ruwa. Kuma a hanya bayan ya yi tauri, kowane ɗan rami sai ka ji shi a ƙugunka. Wanda ya saka min ya ce in bari sifirin su zauna, nan da sati biyu za ta daidaita. Gaskiya ne sabon sifirin yakan ɗan ƙara zama, amma da milimita kaɗan ne, ba zai cike ratar kusan 25 ba.

Abin da ke faruwa, wanda sai da na zauna na fahimce shi da kyau, shi ne na'urar daidaita tsayin bayan aikinta kawai take yi. Akwai famfo da inji ke juyawa yana tura man haidirolik zuwa baya. Abin da kake gani kamar shokozoba a baya silinda ce da mai ke shiga, sannan akwai ƙwallaye biyu na ƙarfe masu iskar naitirojin a ciki, su ne ke ba da laushin. Mai yanke hukunci kuma wani ɗan bawul ne a ƙarƙashin mota, yana da hannu, an haɗa hannun da sandar sitabilaiza ta baya, wato sandar da ke rage wa mota kwanciya gefe, da wani siririn ƙarfe. In ka loda kaya baya ya sauka, sitabilaiza ta ɗan juya, ta motsa hannun, bawul ya buɗe mai ya shiga silinda har mota ta dawo tsayinta sannan ya rufe. To shi bawul ina ya san ka canza sifirin? Abin da ya sani kawai baya ya sauka milimita 35, a wajensa an loda buhuna ne, sai ya yi ta turo mai. Nauyin da ya kamata sifirin ya ɗauka sai ya koma kan silinda da ƙwallayen nan, matsi ya ƙaru, shi ya sa taurin.

Wani dattijon bakanike da ya daɗe a kan tsofaffin Marsandi shi ya gyara min, kuma na ji daɗin yadda ya bar ni na shiga ƙarƙashi na gani da idona. Bai ɗaga motar da jak ba, a kan rami ya hau da ita tayoyinta huɗu na ɗauke da nauyinta, don in taya na lilo a iska duk awon banza ne. Ya kwance siririn ƙarfen daga hannun bawul, inji na aiki, ya ce min, "Yaro na, sa yatsa ka tura nan kaɗan." Na tura, sai na ji wani ɗan sauti siii na mai yana wucewa, bayan motar ya fara tashi a saman kaina. Na mayar ɗaya gefen, ta fara sauka. Na ce, "Baba, ashe duk rigimar a kan wannan ɗan ƙarfen take?" Ya ce ai shi ne limamin. Ya bar ta ta sauka har ta zauna a kan sifirinta, ya dawo da hannun tsakiya inda mai ba ya shiga ba ya fita, ya zura ɗan ƙusa mai kaurin milimita 4 a ramin da ke jikin hannun don ya riƙe shi a wurin, sannan ya sassauta notin ƙarfen ya daidaita tsawonsa har ya shiga mazauninsa ba tare da an ja ko an tura ba. Ya ɗaure, ya zare ƙusar.

Ba a karo ɗaya aka samu ba fa. Sau uku muna fita zagaye muna dawowa muna aunawa, don ɗan juyi kaɗan a ƙarfen nan yana canza tsayi da yawa, kuma na'urar ba ta amsawa nan take, sai ka ba ta lokaci. Abin da ya fi burge ni shi ne bai yarda ya sauke ta fiye da inda sifirin ya tsaya ba. Na so a ƙara ko milimita 10 ne, ya ce a'a, in aka saita bawul ƙasa da haka to sai an loda kaya sosai kafin na'urar ta farka, kafin nan mota ta riga ta zauna a kan robar tsayawa. Daga ƙarshe muka gwada da mutum uku a kujerar baya da kaya a but, ta sauka, cikin ɗan lokaci ta ɗago ta dawo daidai inda muka saita. Ragowar bambancin gaba da baya da robar saman sifirin muka cike shi. Robobin nan kauri-kauri ne, ana gane su da 'yan ƙurajen da ke bakinsu, na gaba milimita 8, 13, 18 da 23, sai muka canza na gaba zuwa mai kauri ɗaya sama.

Yanzun gaba ya sauka kusan 30, baya 28. A kwana motar ta daina kwanciya gefe kamar da, in na taka birki da ƙarfi hancinta ba ya nutsewa sosai, sitiyari ya fi jin magana. Laushin nan na W124 da aka san ta da shi ya ragu, ba zan ɓoye ba, a hanya mai gargada kana jin ƙasa fiye da da, amma ba irin dukan satin farko ba ne ko kusa. Tudun rage gudu kuma dole a hau shi a hankali, in da mutane cike a motar ma a ɗan karkace, sau biyu salansa ta taɓa.

Alaimen dole ne, na yi shi bayan sati biyu. Gaba ya daidaitu tsaf don akwai kusoshin saita kamba, wato kwanciyar taya ciki ko waje, a hannun ƙasa, baya kuwa tayoyin sun ɗan ƙara kwantowa ciki ta sama kuma ba wurin saita wannan sai an sa hannu mai daidaituwa. Ina duba cikin tayar baya duk wata, zuwa yanzu cin bai fi na waje da yawa ba, amma ina ganin zan sa hannun nan kafin in sayi sababbin tayoyi. Fitilun gaba ma sai da aka sake saita su. Sannan Baba ya sassauta kusoshin bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannayen taya, ya sake ɗaure su mota na zaune a ƙasa, ya ce in an ɗaure su tana rataye robar a murɗe take kwana, ba ta daɗewa.

Wanda ƙwallayen naitirojin ɗinsa suka gaji ya fara canza su tukun, alamarsu bayan mota ya riƙa tsalle ƙaf-ƙaf kamar ba sifirin, in ba haka ba zai ɗora wa sababbin sifirin laifin da ba nasu ba. Nawa an canza su bara shi ya sa na tsira daga wannan. Man na'urar ma nata ne na musamman, ba a zuba mata man birki ko na giya, a duba ma'auninsa a tankin da ke wajen inji bayan an gama saitin, nawa ya ɗan hau sama da layi saboda man da ya dawo daga silinda sai da muka zuƙe kaɗan.