Shagon da nake siyan madarar jarirai: kayansu lafiya lau, amma mai farar rigar nan ta ɓata min rai

Wata bakwai kenan ina zuwa shagon nan, don haka ba wai sau ɗaya na leƙa na fito nazo ina surutu ba. Ba zan kama sunansa ba, yana dai nan cikin Kano kusa da wani babban asibiti, irin masu ƙofar gilashi ɗin nan da ake jera kayan jarirai tun daga famfas har gadon jariri. Abin da ya fara kai ni kuwa, matar yayana ce Allah ya jiƙanta ta rasu kwana uku da haihuwa ta bar mana jaririya, a lokacin babu mai goyo a dangi balle a ce ta haɗa da nata, dole muka koma madarar gwangwani. Yarinyar gata nan yanzu tana rarrafe tana jan zanin kowa. Toh kunga ni ba zan zo nan in zagi madara ba, da ita Allah ya raya mana marainiya.

Bari in fara da alherinsu. Ban taɓa ɗaukar gwangwanin da kwanan sa ya wuce ba, kuma wallahi ina dubawa, har ƙasan gwangwanin nake juyawa in ga kwanan wata da lambar NAFDAC. Ba sa shanya madara a rana kamar yadda ake yi a wasu teburan kasuwa, shagon da sanyinsa ko ba wuta suna tada janareto. Farashi ba su fi kowa sauƙi ba amma ba su cika tsawwalawa ba, suna karɓar taransifa, in ka kira kace a ajiye maka za a ajiye. Akwai ranar da na kai gida na ga gwangwanin ya lotsa a gefe, na mayar aka canja min ba musu. Wannan duk na yaba.

Matsalar ta faru ne ranar da na raka ƙanwata. Haihuwar fari, ta yi arba'in da 'yan kwanaki, mun fito daga rigakafi nace mu biya in ɗauki madarar marainiyarmu ita kuma ta sayi man shafawa. Yaron nata yana bayana yana ɗan ƙananun kuka, yunwa ce kawai da zafin allura. Sai ga wata yarinya da ban saba ganinta ba, ta saka farar riga doguwa kamar ta malaman asibiti, tana tsaye gefen wani ɗan teburi da aka yi wa ado da gwangwanaye an jera su kamar dala. Ta matso da fara'arta ta leƙa fuskar yaron tace "Masha Allah Anty, wata nawa?" Ƙanwata ta faɗa mata. Sai cewa tayi "Ayya, ai kuwa da gani baya ƙoshi, kinga kukan nan na yunwa ne, yawancin masu haihuwar fari nonon baya isar yaro, ki dinga haɗa masa da wannan ko da daddare ne kema ki samu barci." Ta ɗora da cewa in an sayi biyu akwai fida kyauta, ta zaro wata 'yar takarda wai a rubuta lambar waya za a saka ta a guruf ɗin WhatsApp na iyaye mata inda likita yake bada shawara.

Na kalli ƙanwata naga jikinta yayi sanyi, har ta kai hannu ta ɗauki gwangwanin tana juyawa. Yarinyar da minti talatin da suka wuce aka ɗora ɗanta a sikeli malamar asibiti tace nauyinsa yayi daidai, ci gaba da abin da kike yi. Magana ɗaya ta rushe wannan duka. A mota take ce min "Yaya, ko dai da gaske baya ƙoshi ne? Dama Umma ma tace yana yawan neman nono."

Na tambayi mai farar rigar ko ita nas ce, tayi dariya tace a'a kamfani ne ya turo su. Ban ga laifinta sosai ba gaskiya, 'yar mutane ce tana neman na sabulu, abin da aka koya mata take maimaitawa. Amma farar rigar nan ta tsaya min a rai, domin ba yau aka fara wannan dabarar ba. Tun shekarun 1970 aka yi ta rigima a duniya kan kamfanonin madara da suke tura 'yan talla cikin kayan nas zuwa asibitoci da gidajen masu jego a Afirka da Asiya, har ta kai aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka a 1977. Daga nan ne a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da ƙa'idar tallan madarar jarirai, ƙasashe 118 suka amince, Amurka ce kaɗai ta ƙi. Ƙa'idar ta hana tallata madarar ga jama'a, ta hana bada samfur kyauta, ta hana rangwame da kyaututtukan jan hankali a shago, ta hana 'yan tallan kamfani su nemi iyaye mata kai tsaye, ko hoton jariri ma ba a yarda a saka a jikin gwangwanin ba. Mu ma nan Najeriya muna da dokarmu tun 1990 kuma NAFDAC ce ke da alhakin sa ido. Wato a cikin minti biyar ɗin nan da muka tsaya, kusan duk abin da aka ce kar a yi sai da aka yi shi a gabana, harda karɓar lambar waya.

Kuma abin da mutane basu gane ba, shawarar "ki haɗa masa da daddare kawai" ita ce tafi komai illa. Nono yadda ake shansa haka yake zuwa, in yaro ya tsotsa jiki ya ƙara yi, in ya rage tsotso jiki ya rage. Kin bashi fida da daddare ya ƙoshi yayi barci bai nemi nono ba, bayan sati biyu ruwan nonon ya ja baya da gaske, sai ki ce ashe gaskiyar yarinyar nan ne baya isarsa, ki ƙara gwangwani. Shikenan an samu kwastoma.

Ni da nake siya na san me ake ciki. Gwangwani mai giram 400 in jariri ya kai wata biyu zuwa uku kwana uku ne ko huɗu ya ƙare, kafin ya cika wata shida kin doshi gwangwani hamsin. Mu mutum huɗu ne muke karo-karo duk wata kuma duk da haka muna ji a jikinmu. Toh ina ga matar da mijinta ɗan adaidaita ne? Abin da ke faruwa shi ne sai ta fara rage cokali, inda aka ce shida ta saka uku ta cika da ruwa don gwangwanin ya kai ƙarshen sati, yaro yana sha ciki na cika amma yana ramewa. Ga maganar ruwa, sai an tafasa shi a dama madarar tun yana da zafin da bai gaza digiri 70 ba sannan a huce, a dafa fidar ita ma, abin da ya rage in ya wuce awa biyu a zubar. Da ƙarfe ukun dare, ba wuta, gas ya ƙare, ruwan kuma na 'yan garuwa ne. Nan gudawa take shigowa. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da mai farar riga ta faɗa wa ƙanwata.

Sai dai kuma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, ɗaya ɓangaren ma suna da nasu. Ranar da na fara fito da fida a layin rigakafi irin kallon da wasu mata suka min kamar na saci yarinyar, wata har da cewa 'yan boko dai basa son shayarwa kar jiki ya lalace, bata san uwar tana kabari ba. Akwai wadda take shan maganin da ya hana ta shayarwa, akwai mai 'yan uku, akwai wadda hutun haihuwarta ya ƙare a wata uku kuma wajen aikin ko ɗakin da zata zauna ta tatsa babu. Ana ta cewa nonon uwa zalla wata shida, to Kaduna dai ta ba ma'aikatanta mata hutun wata shida tun 2019, mai koyarwa a makarantar kuɗi fa? Kuma mu kanmu a gida ba madara ce kaɗai ke shiga tsakani ba, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran da basu kai wata shida ba suke kan nono zalla, kuma kowa ya san yawanci ruwa ne ake ɗura musu. Umma sai da muka yi doguwar muhawara da ita kan wannan, wai ya za a yi a hana ɗan mutum ruwa a zafin Kano, haka ma dakashi da wasu har yanzu suke matsewa su zubar wai datti ne alhali shi ne rigakafin farko. Ita da ta haddace ayar shekara biyu cikakku ta cikin Baƙara, amma maganar ruwa sam taƙi.

Da na koma bayan sati na samu mai shagon na faɗa masa. Ya saurare ni da mutunci ba zan yi masa ƙarya ba, yace "Hajiya kiyi haƙuri, su kamfanin ne suke kawo teburinsu, mu wuri kawai muka basu." Nace Alhaji ai wurin naka ne, kuma mai jegon da ta shigo daga asibitin can bata san bambancin yarinyarka da ta kamfani ba, farar riga kawai ta gani. Yace zai duba. Zuwana na ƙarshe teburin yana nan, yarinyar ce dai ban gani ba, ko ranar hutunta ce oho.

In tauraro biyar ake bayarwa uku zan basu. Famfas, kayan sanyi, man shafawa, gidan sauro, da madara ga wanda likita ko larura ta sa shi dole, je ki saya hankali kwance kayansu masu kyau ne. Amma in sabuwar haihuwa ce ke kuma nono na zuwa, ki tafi da wata babba ko ki aiki maigidan da lis a hannu, kar kuma ki bada lambar wayarki a teburin nan.

Ƙanwata dai bata sayi gwangwanin ba, man shafawarta kawai ta ɗauka. Yaron yanzu wata huɗu, wancan satin aka sake auna shi, rigunan suna duk sun matse shi an tattara an ba maƙwabciya.