Tabilet ko laftof: wacce ta fi dacewa da gida a Garwa?

Kawu, barka da war haka. Ka ce kuɗin na'ura ɗaya ke hannunka, babbar 'yarka za ta shiga jami'a bana, ƙannenta suna firamare, kuma wani mai shago ya gaya maka tabilet ta riga ta kashe kasuwar kwamfuta, kada ka zuba kuɗinka a laftof. Akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa, sai dai labarin da yake riƙe da shi ya kwana biyu.

A watan Afrilun 2010 kamfanin Apple ya fara sayar da iPad, mafi arharta dala 499, kuma kafin shekarar ta ƙare an sayar da kusan miliyan 15. A shekarar ce Steve Jobs ya ce kwamfuta za ta koma kamar babbar mota: ba za ta ɓace ba, amma sai mai ɗaukar kaya zai neme ta. Samsung ya biyo da Galaxy Tab, Amazon ya karya farashi da Kindle Fire a 2011 kan dala 199. Waɗanda suka fara jin jiki su ne ƙananan laftof ɗin nan masu araha irin Eee PC na Asus; zuwa farkon 2013 an daina ƙera su. Cinikin kwamfuta a duniya ya kai ƙololuwa a 2011, sama da guda miliyan 350, daga nan ya yi ta sauka shekara bayan shekara. Har Microsoft, da ya saba barin ƙera kwamfuta ga su HP da Dell, sai da ya fito da tasa Surface a 2012.

Abin da mai shagon bai gaya maka ba shi ne, ita ma tabilet ɗin tun wajen 2014 cinikinta ya tsaya, ya fara ja da baya. Wayar hannu ce ta ci mata kasuwa da fuskarta ta yi faɗi. Duba aljihun kowa a babbar kasuwar Garwa: Tecno, Itel, Infinix, duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na China, kuma suna yin mafi yawan abin da mutum zai so tabilet ta yi masa. Da annobar korona ta zaunar da mutane a gida a 2020 da 2021, laftof aka yi ta rububi. Abin da tabilet ta yi wa kasuwa shi ne ta tilasta wa masu ƙera laftof su rage mata nauyi, su ƙara wa batirinta juriya. Yau irin ƙwaƙwalwar na'ura mai suna M da Apple ke sa wa laftof ɗinsa tun 2020, ita ce a cikin manyan iPad ɗinsa.

To mu dawo gida, inda wuta ke yanke hukunci kafin komai. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, kuma duk shekarar da ruwa ya yi ƙasa kowa ya san yadda rani ke kasancewa, ko da yake tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi. A nan tabilet ta yi wa laftof fintinkau. Cajarta wat 10 zuwa 20 take ja, ta laftof 45 zuwa 65. Ƙaramin faranti na sola ko batirin ajiya na waya ya ishe ta, kuma idan ta cika tana kai yini ana aiki jifa-jifa. Laftof ta gwanjo kuwa, wadda batirinta ya riga ya gaji tun a Turai, in ta yi maka awa biyu ka gode Allah. Kwamfutar tebur ban ma sa ta a lissafi ba. Wuta na ɗaukewa aikin da ba a adana ba ya tafi.

Zafi da ƙura ma suna goyon bayan tabilet. Ba ta da fanka, ba ta da ramukan shaƙar iska. Laftof na zuƙar ƙurar hunturu ta tara a ciki, sannan Maris da Afrilu su zo da zafin da ya haura digiri 40, ka ji fankar na kuka, na'urar na kashe kanta.

Amma fa ranar da 'yarka za ta zauna rubuta aikin bincike na shafi arba'in da Faransanci, da jadawali, da jerin littattafan da ta duba, ranar za ka san bambanci. Word da Excel na tabilet suna nan, amma an rage musu abubuwa da yawa. In lissafin kuɗi za ta karanta, manhajar Sage da ofisoshinmu ke aiki da ita ta Windows ce. In zanen gini ne ko ƙididdiga, cikakkiyar AutoCAD da SPSS ba sa hawa Android. Haɗa ta da firinta, kwashe darasi daga filasha ta abokiyar karatu, cike takardun gasar shiga makaranta a shafin da aka tsara don babbar fuska, duk laftof ta fi sauƙi. Ana iya saya wa tabilet kibod, gaskiya ne, sai dai in ka haɗa kuɗin kibod mai kyau da murfi, ka kusa kuɗin laftof, kuma har yanzu ba ka samu laftof ba.

Sai gyara, wanda mutane ba sa tunawa sai ta lalace. Tsohuwar HP ko Dell ko ThinkPad, mai gyara zai kwance ta, ya sauya batir, ya ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar aikin da take yi a lokacin, ya cire tsohon faifai ya sa SSD, faifan zamani mai sauri, ta dawo da saurinta. Tabilet da gam aka manne ta. Gilashi ya fashe a hannun yara, wanda kuwa sai ya fashe, a jira kaya daga Duwala ko Kano, in ma ana samun irinsa.

Kowacce tana da tarkonta. A ɓangaren tabilet, waɗannan marasa suna da ake sayarwa a kwali mai zanen yara: ma'ajiyarsu ƙarama, Android ɗinsu tsoho, kuma ba a sabunta su, sai wata rana manhaja ta ƙi hawa. Araha ba ta ado. Ɗaliban da suka karɓi ƙananan kwamfutocin PB Hev da gwamnati ta raba daga ƙarshen 2017 za su ba ka labarin yadda ma'ajiya mai giga 32 ke cika tun ba a je ko'ina ba. A ɓangaren laftof, Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar mafi yawan ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na 8. Gwanjon da ya cika shaguna da yawansa ƙasa da haka yake, shi ya sa ya yi araha.

Ni dai da ni ne kai, Kawu, laftof zan saya wa mai shiga jami'a, ƙanana su ci gaba da karatun Alƙur'ani da darussansu a wayar gida har Allah ya hore na tabilet. Da a ce yaran ne kaɗai, ko Inna ce ke son sauraren tafsiri da ganin jikoki a WhatsApp da manyan haruffa, da tabilet zan ce, mai ɗaukar layin MTN ko Orange, tunda gidajenmu kaɗan ne ke da intanet na kebul. In za ka je shagon, tafi da yarinyar. A kunna a gabanku, a nuna muku Core i5 ce zubi na 8 ko sama, RAM giga 8, da SSD. A zare caja ku zauna ku ga yadda batirin ke sauka. Ta kuma dubi kibod ɗin: kayan da ke shigowa ta Mubi da Yola galibi QWERTY ne, tsarin haruffan Turanci, ita kuwa da AZERTY, tsarin Faransa, za ta fi jin daɗin rubuta Faransanci.