Kan allura AT-VM95E: ya dawo mini da faifan Baba, ban da guda ɗaya

Garmahon marigayi mahaifina Technics ne, kan allurarsa kuma na Shure, wanda ya shekara da shekaru har bakinsa ya dakushe. Da na je nema a nan Garwa aka ce ai kamfanin ya daina ƙera su tun 2018. Wani mai shago ya miƙo mini wata allura marar suna a leda, ya rantse duk ɗaya ne. Jaka takwas na biya.

Ɗan yayata ne daga baya ya aiko mini da Audio-Technica AT-VM95E daga Duwala, mai koren baki. Mai gyaran rediyon unguwarmu ya ɗaura shi, ya bi wayoyin nan huɗu, fara da ja da kore da shuɗiya, ya sa nauyi a giram 2 daidai yadda aka rubuta. Bayan la'asar na goge ƙurar hunturu daga wani faifai mai gudun 33, wato mai juyawa wajen sau 33 a minti, na sauke allura. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kalangun da a da nake ji kamar ana kiɗa a cikin tulu ya fito fes, har muryoyin 'yan amshi na rarrabe. Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Wannan ai shi Malam yake sawa ranar Juma'a." Ba ta koma ba sai da fuskar faifan ta ƙare.

Wani abin da ya burge ni, in bakin ya cinye shi kaɗai za ka zare ka sa sabo, ba sai an kwance kan duka ba.

Amma murnata ragaggiya ce. Waccan allurar ta leda ta riga ta nome mini ƙaramin faifai mai gudun 45 da Baba ya fi so, sau uku kacal na sa shi. Yanzu sabon kan da ba ya ɓoye komai, duk karcen da ta yi sai ya fito da shi, ƙarar-ƙarar daga farko har ƙarshe. Na koma wurin mai shagon, ya ce faifan ne ya tsufa. Ko haƙuri bai ba ni ba, balle kuɗina.

Masu faifan 78, kada ku ɗora musu wannan, nasu bakin daban ne, ya fi kauri.