Keken ƙarfe da na haɗa da kaina don duwatsun Jos: abin da ya biya kuɗinsa

Keken nan ba a shago na ɗauko shi a haɗe ba. Gangar jikin kawai na saya, ta hannu, daga wani da ya taho da ita daga Turai, sauran kayan kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu ta intanet, wasu a wurin masu kayan gwanjo. Irin keken hawan dutsen nan ne mai shakazoba a gaba kaɗai, bayansa ƙarfe ne zalla. Ya sha damina ya sha hunturu a hanyoyin bayan garin Jos da gindin duwatsun Shere, don haka yanzu ina da bakin faɗin abin da ya biya kuɗinsa a cikin kayan da abin da ado ne kawai.

Gangar jikin Surly Karate Monkey ce. Kamfanin na jihar Minnesota ne a Amurka, amma a Taiwan ake ƙera masa. Tun 2002 suke yin wannan samfurin, yana cikin na farko-farko da aka fitar da yawa masu ƙafa inci 29. Tawa ta baya-bayan nan ce, ƙarfenta 4130 ne, wato ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam da molibdinam don ya yi ƙwari ko da bututun ya yi siriri. Ba suna ne ya ja ni ba. Gidan da sandar feda ke juyawa a cikinsa na murɗawa ne kamar noti, faɗinsa milimita 73, kuma kayansa ba sa wuyar samu. Kekuna da yawa na zamani cusa boris ɗin ake yi da matsi, sai da na'ura ta musamman, kuma in ƙura ta shiga sai ka riƙa jin ƙiƙi-ƙiƙi duk takun feda. Sannan a wurin da ƙafar baya ke shiga sun bar faɗin milimita 145, ta yadda hob, wato cibiyar ƙafar, mai 142 da mai 148 duk za su shiga, ƙarfen ya ɗan matse ko ya ɗan buɗe. Ga wanda yake tsintar kaya a gwanjo, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, don ba ka san wace ƙafa Allah zai haɗa ka da ita ba.

Masu son keken ƙarfe suna da maganganu biyu da suke yawan yi, kuma kowacce rabin gaskiya ce. Ta farko, wai ƙarfe yana da laushi, yana shanye gargada. Akwai ɗan abin, musamman a hanyar tsakuwa, jijjigar ba ta kai wa kwankwaso da kaifi kamar yadda take yi a tsohon kekena na alminiyam. Amma in na rage iskar taya kaɗan, bambancin da nake ji ya ninka wanda ƙarfen yake bayarwa. Ta biyu, wai in ya tsage kowane mai walda zai ɗinke maka. Kaurin bututun irin waɗannan kekuna bai cika kai milimita ɗaya ba, tsakiyarsa ma ya fi bakinsa siriri. Mai waldar ƙofa da taga in ya ɗora masa wutar da ya saba, huda shi zai yi nan take. Gyaruwa yana gyaruwa, sai dai a hannun mai waldar gas da ya iya liƙi da tagulla, ko mai waldar argon. Duk da haka ya fi gangar jikin da ake yi da zaren kabon rufin asiri, don shi ƙarfe kafin ya karye yakan lanƙwashe ko ya nuna tsaga, ya ba ka lokaci.

Nauyi kuwa akwai shi. Da aka gama haɗawa keken ya doshi kilo 14. A kan hanya ba na damuwa, amma inda dutse ya tsaya sai an ɗauki keken a kafaɗa, nan ne nake tuna cewa ƙarfe na saya. Tsatsa ba ta dame ni ba tukuna. An yi wa cikin bututun shafe tun daga masana'anta, ni kuma duk ranar da ruwan Agusta ya yi mini duka, nakan zare sandar sirdi in kifa keken ya tsane, in shafa giris kafin in mayar. Sandar alminiyam da aka bari a cikin ƙarfe ba giris takan kama ta liƙe, fitar da ita kuma sai an sha wuya.

Inda na fi zuba kuɗi, kuma inda na fi ganin amfaninsa, ƙafafu ne da tayoyi. Rim na ɗauka mai faɗin ciki milimita 30, mai wayoyi 32, irin wayoyin nan masu lanƙwasa a kai da kowane mai gyaran keke ya sani. Akwai ƙafafu masu kyan gani da wayoyinsu miƙaƙƙu ne ba lanƙwasa, amma ranar da ɗaya ta tsinke sai ka jira saƙo daga waje. Tayar gaba Maxxis Minion DHF ce mai faɗin inci 2.5, ta baya Rekon mai 2.4. Ta gaban tana da manyan haƙora a gefe, kuma a kan duwatsun nan namu da ruɓaɓɓen yashi ke kwance a samansu, ita ce ke hana kan keken zamewa a kwana. Ta bayan haƙoranta ƙanana ne, tana gudu a kan kwalta ba tare da ta ja ni baya ba, sai dai in jar laka ta yi kauri takan cika ta riƙa juyawa a banza. Na yarda da wannan cinikin, don watannin rani sun fi na laka yawa.

Dukkansu tubles na yi su, ba tif a ciki, sai ruwan toshe huda. Wanda bai taɓa bi ta gonar da tsaidau ya baje ba, ba zai gane darajar abin ba. Wata rana da na dawo gida na juya tayar gaba a hankali ina dubawa, sai ga kawunan ƙaya a jere, kowacce da ɗan farin ɗigo a gindinta inda ruwan ya fito ya daskare, iska kuwa tana nan yadda na sa ta. Da tif ne, da a bakin hanya na wuni ina faci. Kuma tunda babu tif ɗin da dutse zai matse ya fasa, ina iya sauke iska zuwa wajen 22 a gaba, 25 a baya a ma'aunin PSI na famfo, tayar ta riƙa rungumar dutse maimakon ta yi tsalle a kansa. Wahalarsa ɗaya ce: ruwan yana bushewa, kuma busasshiyar iskar hunturu tana gaggauta hakan. In ka girgiza ƙafar ba ka ji motsin ruwa ba, lokacin ƙari ya yi. Ga kuma wani ɗan abu da ba wanda ya gaya mini sai da na gani: bawul ɗin waɗannan ƙafafu siriri ne, irin wanda ake kira Presta, bakin injin masu faci na bakin titi kuwa na bawul ɗin mota ne. Akwai ɗan ƙarfe kamar kan biro da ake murɗawa a kai ya daidaita su. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a sa shi cikin jakar sirdi a manta.

A giya na yi abin da wasu abokan hawa suka kira komawa baya. Ana yayin mai giya 12, ni na ɗauki Shimano Deore mai 11, samfurin M5100. Dalilina a hob yake. Faifan baya na Deore mai 12 yana farawa daga haƙora 10 zuwa 51, kuma ba ya hawa sai a kan gindin da Shimano ke kira Micro Spline. Mai 11 ɗin daga 11 ne zuwa 51, yana zama a kan tsohon gindin HG wanda ya cika kasuwar gwanjo. Wato giyar hawan tudu iri ɗaya ce, abin da na rasa haƙori ɗaya ne a wajen gudu. A gaba faifai ɗaya ne tak mai haƙora 30. In na jefa kaca kan babban faifan baya, zagayen feda ɗaya bai fi ya kai ni mita ɗaya da 'yan kai ba, kuma da wannan nake hawa tudun da a da sai na sauka na tura. A kan kwalta mai gangara kuwa, da na wuce kilomita 35 a awa ƙafata ta fara juyawa a iska. Wanda yawancin tafiyarsa cikin gari ce ya sa mai haƙora 32 ko 34. Abin sauya giyar yana da ɗan makulli da ke ɗaure kaca kada ta yi ta dukan ƙarfe a gargada, kuma tun da na haɗa keken kaca ba ta taɓa faɗo mini ba. Abin da ke cin kaca a nan ƙura ce da ta haɗu da mai. Baƙin man inji da muka saba ɗiga wa keken gida, a wannan kacar guba ne: yana kama yashi ya zama abin goge ƙarfe. Mai marar danƙo nake sawa da rani, in goge da tsumma bayan kowace fita.

Birki na mai ne, Shimano MT200, faifan gaba milimita 180, na baya 160. Shi ne mafi arha a jerinsu kuma yana aikinsa, da yatsa biyu nake tsayar da keken. A nan ne zan ja kunnen duk mai irin wannan birki. Na kai keken wurin wani dattijo mai gyara, gwani ne a ɗaurin wayoyin ƙafa, shi ya daidaita mini ƙafafun har suka daina rawa. Da ya matsa hannun birkin ya ji ya ɗan yi laushi, sai na ga ya miƙa hannu ya ɗauko gorar man birkin babur.

Na ce, “Baba, dakata, wannan ba ya shan irin wannan man.”

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Yaro, man birki ai man birki ne.”

Na ce masa a wannan karon dai a yi mini haƙuri. Birkin Shimano man ma'adini yake sha, na mota da babur kuwa wani iri ne daban da ake kira DOT, in ya shiga robobin ciki kumbura suke yi, birkin ya tashi aiki gaba ɗaya. Ya ajiye gorar yana murmushi, ya ce kekunan yanzu sun fi masu su tsirfa. Wanda zai yi nisa da gari sosai, ko ba ya son neman mai na musamman, birkin faifai na waya irin Avid BB7 ya fi masa kwanciyar hankali, don wayar birki ko a kasuwar ƙauye akwai ta.

Shakazoba ce abin da na fi jinkiri a kansa. Gangar jikin ta zo da nata fok, wato sandunan da ke riƙe ƙafar gaba, na ƙarfe marar motsi, kuma da shi na fara hawa. Ga hanyar gona da ta shanu ya wadatar, ba ya neman komai daga gare ka. A gangaren dutse ne wuyan hannu ke gaya maka gaskiya. Na duba na gwanjo da dama, mafi yawansu in ka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya sai ka ji ƙwas-ƙwas a ciki, wasu kuma sandunan sun karce. Karcewar nan ita ce ke yanka robar da ke tsare ƙura, daga nan kuma sai lalacewa. Daga ƙarshe na sayi sabuwar RockShox ta iska mai nitsewar milimita 120. Ana sa mata iska daidai nauyin mai hawa, yadda in ka zauna za ta nitse kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ta canza keken ƙwarai, kan yana manne da ƙasa inda da yake tsalle. Sai dai tana da hidima. Kamfanin ya ce a buɗe ƙafafunta a canza mai duk bayan awa 50 na hawa, kuma da ƙurar Disamba ba na ma bari ta kai haka. Duk wanda ya san ba zai yi wannan ba, gara ya zauna da fok na ƙarfe ya sa taya mai faɗi. Kafin a saya kuma a duba abu uku su dace da gangar jiki: kaurin wuyan, faɗin hob na gaba, nawa milimita 110 ne, da tsawon da masu ƙera gangar suka yarda da shi.

Sandar sirdi mai sauka da tashi, wadda ake danna ɗan maɓalli a kan keke ta nitse, da farko na ɗauke ta kayan 'yan gayu. Yanzu in aka ce in zaɓa tsakaninta da shakazoba sai na yi dogon tunani. A keken da bayansa ba ya motsi, ƙafafunka ne shakazobar baya, kuma ba za su yi aikin ba in sirdi yana tokare da kai. Kaurinta milimita 30.9 ne a wannan gangar, a auna kafin a yi oda. Kan keken alminiyam ne mai faɗin milimita 760, feda kuma shimfiɗaɗɗiya mai ƙananan ƙusoshi, tana riƙe takalmi da kyau, tana kuma yi wa ƙwauri zane in ƙafa ta zame. A waɗannan ban kashe kuɗi ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Sirdi kuwa ba wanda zai zaɓa wa wani.

Abu ɗaya da zan canza in dala ta sarara shi ne birkin gaba. A doguwar gangara, in faifan ya ɗauki zafi, sai na ƙara matsa hannu fiye da yadda nake so, ga ni kuma ba ƙaramin mutum ba. Ina da niyyar sa mai fistan huɗu irin MT420 a gaba, na bayan kuma ya zauna yadda yake har sai ya gaji.