Wata takwas ina buga PS5 Pro a Jidda

A Jidda ba kasafai za ka ji an ce PlayStation ba, "Soni" ake cewa, ko wace iri ce. Yaro zai tare ka ya ce Soni 4 gare ka ko Soni 5, magana ta ƙare. To ni tawa Soni 5 ce, amma babbar, wadda ake kira PS5 Pro, kuma yau watanta takwas a kan teburin ɗakina a unguwar Hindawiyya. 'Yan uwa na gida da na nan sun dame ni da tambayar ko ta ci kuɗinta. Amsar ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp guda, shi ya sa na zauna na rubuta.

Sony ya fito da ita ranar 7 ga Nuwamba 2024, a kan dala 699.99 a Amurka. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 ba ya motsi, sai na buga lissafi a kai na ce abin bai wuce riyal 2,625 ba. Na manta da harajin kaya na kashi 15 cikin 100 da ake karɓa a nan tun Yulin 2020, na kuma manta mai shago ba sadaka ya fito yi ba. A wani shago a titin Falasɗinu na ƙirga sama da riyal 3,000, hannuna na rawa. Aikin sito nake yi, kuma sai da na yi wata biyar ina tarawa, bayan na cire na Hajiya da na makarantar ƙannena.

Daren da na kawo ta, na jawo kaset-kaset ɗina na PS4 da na tara shekaru, na ɗauki ɗaya, na shiga laluben bakin da zan zura shi. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na haska da fitilar waya. Babu. Laifina ne, don an rubuta a jikin kwalin, zumuɗi ne ya hana ni karantawa. Pro ba ta zuwa da wurin sa kaset. Daban ake sayar da shi, dala 79.99 lokacin da ta fito, sai ka maƙala mata a gefe. Hatta gindin da ake tsayar da ita a kai daban ake saye.

Wani zai ce mene ne a ciki, ai kowa sauke gem yake yi ta intanet yanzu. Wannan maganar wanda bai zauna cikinmu ba ce. Mu a nan kaset ɗaya sai ya zaga ɗaki biyar. Ka gama naka ka miƙa wa na unguwar Karantina, shi kuma ya ba ka nasa, wani ma har Makka yake tafiya a jakar direba ya dawo bayan wata. In ya ishe ka, ka kai shago ka cika kuɗi kaɗan a canza maka wani. Gem ɗin da ka saya ta intanet kuwa ya zauna a asusunka ke nan, ba aro, ba musaya, ba sayarwa. Wata biyu na daure, a na uku na je na sayo wurin kaset ɗin, ina ƙunƙuni.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Wani abokina yana da PS5 ta farko, wadda ta fito a Nuwamban 2020. Ran wata Alhamis da dare ya ɗauko ta muka jera su, muka riƙa canza waya a talabijin ɗina mai inci 43, tsohuwa, wadda ba ta san 4K ba, wato hoto mai tsananin kaifi. Akwai wani dattijo Basakkwace da muke gida ɗaya, Kawu muke ce masa, yana zaune a bakin ƙofa da kofin shayinsa. Ya kalla ya kalla, ya ce: "Ɗana, wace ce mai tsadar a ciki?" Na nuna masa. Ya kurɓi shayi ya ce: "Allah ya sa albarka." Ɗakin ya kwashe da dariya, ni kuwa ko murmushi na kasa, don gaskiya ni ma ban ga bambancin ba.

Sai da na je kasuwar gwanjo ta Sawarik na samo talabijin ta hannu mai 4K, mai ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa, mai bakin jona waya na HDMI 2.1, sannan na ga abin da na saya. A PS5 ta farko, manyan gem sukan sa ka zaɓi ɗaya cikin biyu: ko hoto mai tsananin kyau amma yana tafiya 30 a daƙiƙa, ka ji motsin da ɗan nauyi, ko kuma 60 a daƙiƙa, motsi sumul, amma an rage wa hoton ado. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara injin, ya faɗa a Satumban 2024 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na lokaci mutane na biyun suke zaɓa. Aikin Pro shi ne ta raba ka da wannan zaɓin. An ƙara wa sashen zana hotonta ƙarfi, har kamfanin ya ce saurin zanen kan ƙaru da kusan kashi 45 cikin 100. Akwai kuma dabarar da suka sa wa suna PSSR: injin ya zana hoton a ƙarami don ya yi sauri, sannan ƙirƙirarriyar basira ta cike gurbin ta ɗaga shi ya cika allon 4K.

A Marvel's Spider-Man 2 na fara gani da idona. Na maƙale a jikin wani dogon bene na gilashi, ga motocin titi can ƙasa suna wucewa a cikin gilashin, ga inuwata, ga ganyen bishiyoyin nesa kowanne a fili maimakon kore guda a cakuɗe. Na sake kaina na faɗo, motsin bai yi gargada ko sau ɗaya ba. A Gran Turismo 7 kuma, motar da ke gefenka kana ganinta a jikin fentin taka ana tsakiyar tsere. Na yi minti kusan goma ina zagaye wuri ɗaya don kallon wannan kawai. Amma fa sai ina kusa da allon. In na koma kan katifa can ƙarshen ɗaki, rabin abin da na biya wa kuɗi ya ɓace.

Ga inda gizo ke saƙar: mu dai ƙwallo muke bugawa. Cikin dare goma, tara EA Sports FC ne, wanda har yanzu FIFA muke ce masa ko da yake an canza sunan tun 2023. Daren Juma'a a sayo gurasar tamis da waken ful, a zauna mutum shida, wannan ya ɗauki kulob ɗin Ittihad wancan ya ɗauki Ahli, wanda aka ci ya miƙa hannun bugawa, kamar dai gidan gem na unguwarmu a Kano. Kawu ba ya bugawa, amma duk wanda ya ɗauki Nassr shi yake goya wa baya, wai tun zamanin da Ahmed Musa ya buga musu, 2018 zuwa 2020, ba don Ronaldo ba. A irin wannan zaman, kyamara tana can sama, 'yan wasa kamar tururuwa, babu wanda ya taɓa cewa ciyawar ta fi ta gidan abokina kyau. Ƙwallo 60 take gudu a can, 60 take gudu a nan.

Hannun bugawar, mai suna DualSense, abin yabo ne, sai dai iri ɗaya ne da na ƙaramar. A Astro's Playroom, gem ɗin da ke zuwa a cikin injin kyauta, akwai wurin da ruwan sama ke sauka a kan lema, sai ka ji ɗigon ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunka. Maɓallan baya kuma sukan yi tauri ko su saki gwargwadon abin da kake ja, birki daban, baka daban. Wannan wasan duk batir yake ci, don haka wayar caji ba ta nisa da mu.

Inda ban da ƙorafi ko kaɗan shi ne ma'aji. Terabait 2 ne, alhali ta farko gigabait 825 ce, siririyar da ta fito a 2023 kuma terabait 1. Gem ɗin yanzu ɗaya sai ya haura gigabait 100, ni kuwa tunda na saya ban goge komai ba. Tsofaffin kaset ɗina na PS4 ma sun hau, kuma ba a jiran lodi kamar da.

Wanda zai saya ya san kuɗin bai ƙare a shago ba. Buga ƙwallo da wani ta intanet sai da rajistar PlayStation Plus, wadda ake biya wa kuɗi. Ƙasar da ka zaɓa ran buɗe asusu ba ta canzuwa daga baya, kuma katin kuɗin da za ka loda dole ya zama na ƙasar, to mai shirin komawa gida ya yi tunani kafin ya danna. Wuta kuma tana jan wat 200 da 'yan kai in wasa ya yi zafi. A nan ba na ko tunawa, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki dare da rana, ƙurar Jidda kawai nake share mata duk mako. Amma ina tuna batirin solar gidanmu a Kano, in haɗa da talabijin, in ga ba za su kai mu ƙarshen gasa ba.

Ƙanina da ke aiki a Makka, wajen Shara Mansur, ya kira ni watan jiya ya ce: "Yaya, irin taka zan saya." Na tambaye shi me yake bugawa, ya ce ƙwallo. Na tambayi talabijin ɗinsa, ya ce wadda ya tarar a ɗakin ce. Na ce ya nemi siririyar mai wurin kaset, canjin ya aika wa Hajiya. Ya ji magana ya saya. Na ba wani direba kaset biyu ya kai masa, yau mako uku, ko ɗaya bai dawo ba.